Kunkurun Hedimasta a Garin Ruwan Zafi

Bari in faɗi wautata da bakina tun kafin Sule mai walda ya faɗe ta da nasa, don shi in ya kama labari sai ya yi masa ƙari kamar yadda yake yi wa salansar mota. An ba ni amanar tsohuwar mota aka ce in tashe ta, ni kuwa na mai da ita amarya. Laifin ke nan. Sauran abin da za ku karanta fushi ne, kuma har gobe ina ganin rabin fushin nan da gaskiyata.

Tun da na dawo daga Jamus ban sha shayi da daɗi a Kurmin Mashi ba. Kowa ya gan ni sai, "Baba Iro, yaya ƙasar Turawa?" Na gaji da maimaitawa, ga haƙora sun ragu. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya da ɗan aji ukuna na firamare. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya ƙyale ni.

Motar ta marigayi Malam Bitrus ce, hedimasta, mutumin Zonkwa da ya zauna Badarawa har ƙarshen ransa. Irin 'yar kunkurun nan ce mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa sai iska. Shekara arba'in da 'yan kai ni ne bakanikenta, ba wanda ya taɓa sa mata sifana sai ni. Hedimasta yakan dafa bayanta ya ce, "Iro, wannan baƙuwa ce a ƙasarmu. Wata rana sai ta je ta gaida danginta." Mu yi dariya, in ce masa ta fara kaiwa Kafanchan ba turi tukuna.

'Yarsa Hannatu likita ce a Jamus, tana auren wani Bature da nake kira Dogo, don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshena. Bayan rasuwar uban sai ta bugo mini waya. Ta ce akwai wani gari da masu tsofaffin motoci ke taruwa duk shekara su yi jerin gwano, kuma ta sa sunan motar babanta, tana so ta cika masa maganar nan tasa.

"Baba Iro, ka tashe ta kawai ta iya tafiya," in ji ta. "Za a zo a ɗauke ta zuwa Legas a sa ta a jirgin ruwa. Kai ma za ka biyo baya, don ba ta jin maganar kowa sai taka."

Na ji kalmar "kawai" ɗin nan sarai. Amma da na je Badarawa na yaye tamfol, sai kunya ta kama ni. Fenti ya koɗe kamar zanen tsohuwa, kujera ta lotsa, sitiyari ya goge, rediyo sai shuuu. Na ce motar Kaduna ce za ta shiga tsakiyar Turawa a haka, su ce mu matsiyata ne? Mako uku ina zarya tsakanin gareji da kasuwar Panteka. Na sa aka kankare ta har ƙarfe aka fesa mata ja mai ɗaukar ido. Na sa kujeru sababbi masu soso, sitiyari ɗan ƙarami irin na zamani, fitilu masu farin haske, rediyo mai cin memori, hon mai kiɗa, kafireta sabuwa dal. Tsofaffin tarkacen na kira 'yan gwangwan suka kwashe. Ban gaya wa Hannatu ba, wai ina so in ba ta mamaki. Ranar da motar ta sauka ta kira ni ta ce, "Ta iso, Baba." Sai ta yi shiru. Ni kuma na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Daga Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga nan na sama. Ban taɓa hawa ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ya tashi na karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa. Kusa da ni wani Alhaji ne Bakano mai safarar motocin Beljiyam. Da na gaya masa abin da zai kai ni, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Wato ni ina zuwa in kwaso tsofaffinsu in kawo gida a ce sababbi ne, kai kuma ka kai musu tsohuwa har gida?"

Na ce ai tawa ta fi sababbin kyau, na nuna masa hotonta a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ka yi mata wannan aikin?"

"Da hannuna."

"To Allah ya sa a dace, Malam," ya ce, ya ja bargo ya rufe fuska. A lokacin na ce hassada ce irin ta 'yan kasuwa.

A bakin shiga ƙasar aka fara ɓata mini rai. Ina tsaye da jakata sai ga wata ma'aikaciya riƙe da kare, karen nan ya zo ya cusa hanci daidai inda dardumata take, ya zauna. A Kurmin Mashi da kare ya yi mini haka da ya sha dutse. A can kuwa shi ne babba, ni ne mai laifi. Suka buɗe jaka suka fito da kilishin da na ɗauro wa Hannatu, da dambun nama, suka jefa a wani kwando wai ba a shiga da nama. Kilishin Unguwar Sarki, mai ƙuli da yaji, wanda na hana kaina ko gutsure. Na ce da ma'aikacin da ya jefar, da Hausa, tunda ita na iya, "To ka ci kai, kada ka yar." Ya yi mini murmushi ya buga hatimi. Sifanata lamba goma sha uku kam sun juya ta sun mayar, ita ba ta da ƙamshi.

Hannatu da Dogo suka tarbe ni. Ta durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ta gaishe ni, yadda ubanta ya koya mata, Dogo ma ya rusuna kamar falwaya za ta faɗi. Na tambaye ta yaya ta ga motar. Ta ce, "Baba, ka huta tukuna, ka sha hanya."

Garin da muka je ɗan ƙarami ne a tsakanin duwatsu, kuma duk abincinsu daga abu biyu yake fitowa, ruwan zafi da tsufa. Masaukinmu wani gida ne da Dogo ya ce ya girmi kakan kakana. Ƙofa gajera, sau uku tana gaisawa da goshina. Daɓen katako ya karkace, in ka ajiye lemo a nan sai ka tsince shi a can. Matakala tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Na ce wa Dogo ya ba ni guduma da ƙusa goma in yi musu maganinta kafin la'asar. Hannatu ta fassara masa, sai ya ɗaga hannu biyu kamar na ce zan yanka wani. Wai doka ta hana, ko taga ba a canzawa sai hukuma ta yarda. Na ce a Kaduna da gida ya kai haka, da tuni magada sun rushe sun jera shaguna, kuma kowa ya sa musu albarka. Mu da muka ga gidajen Turawan mulki a bakin titi aka share su ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi kuka?

Ban ɗaki kuwa ba buta. Na duba ko'ina, sai na hango wata 'yar tulu ta tangaran mai zanen furanni a kan kanta a zaure, ba wanda ke amfani da ita. Na ɗauka. Kwana biyu ina alwala da ita, da sauran abin da ake yi da buta. Rana ta uku mai gidan, wata tsohuwa mai farin gashi, ta gan ni na fito da ita a hannu tana ɗigar ruwa. Matar nan ta dafe ƙirji ta zauna a kan matakala. Ashe tulun kakar kakarta ne, shekara da shekaru ba a zuba masa ko ruwa ba, kallo kawai ake yi. Hannatu ta yi ta ba da haƙuri. Ta tambaye ni a hankali, "Baba, alwala kaɗai ka yi da shi ko?" Na ce ta gaya mata alwala kaɗai. Allah ya yafe mini. Amma ku gaya mini, tulun da ba a zuba wa ruwa, tulu ne?

Abinci kada ma a yi magana. Da yamma, lokacin da mutum ke jiran tuwo mai tururi, sai a kawo burodi mai tauri da sanyi, da cuku, da yankakken kokwamba. Ruwan sha ma mai gas ne, sai ya cije ka a harshe. Hannatu ce ke bin kowane faranti tana tambaya don kada a haɗa ni da alade, kuma ita ta cece ni da garin kuka da ta taho da shi daga gidanta.

Sai ruwan zafin da ake ta zuzutawa. Daga ƙasa yake fitowa, sun gina masa wani dogon zaure mai ginshiƙai kamar fadar hukuma. Tsofaffi masu kuɗi na yawo a hankali, kowa da ɗan kofi mai hanci, suna kurɓa suna lumshe ido. Dogo ya tara mini. Jama'a, ku jiƙa kanwa, ku fasa ruɓaɓɓen ƙwai a ciki, ku ƙara ruwan lagireto, to kun sha. Na rasa inda zan tofar, ko'ina a goge, dole na haɗiye. Wurin wankan kuma maza da mata ne tsamo-tsamo a kududdufi ɗaya, tsofaffi sa'o'ina, daga su sai ɗan kamfai. Na ce wa Hannatu ko a mafarki. Ta samo mini wani ɗan kwarmi a gefe na tsoma ƙafafu zuwa gwiwa, ina kallon silin. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwiwar nan tawa ta hagu, wadda ta yi shekara bakwai tana hana ni sujada da kyau, ta saki a ranar. Ban gaya wa Dogo ba, kada ya ji daɗi.

Ana gobe jerin gwano aka kai motoci wani fili mai ciyawa don a duba su. A nan na ga kunkurun Hedimasta, tana walƙiya a rana, ta fi kowace mota a filin haske. Na gyara hula. Mai dubawar wani tsoho ne siriri da farar riga irin ta likita, da tocila, da ɗan madubi a kan sanda. Motar da ke gabanmu wata ruɓaɓɓiya ce, tsatsa ta ci gefenta, kujerarta ta tsage har auduga na leƙe, irin wadda ko 'yan gwangwan sai sun yi ciniki da yanga. Mutumin nan ya durƙusa a gabanta, ya shafa tsagar kujerar da yatsa ɗaya, ya kira abokansa su zo su gani. Na ce a raina, in wannan ta sami haka, tamu sai an kira 'yan jarida.

Ya iso kanmu. Ya tsaya. Ya zagaya sau ɗaya bai taɓa ta ba. Ya leƙa ciki, ya buɗe inji, ya rufe a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci. Sannan ya yi magana, Hannatu tana mayar mini.

"Yana tambaya, ina fentinta na asali?"

"Ki ce masa na kankare. Har ƙarfe. Ba a yin aikin ha'inci a garejina."

"Kujerun fa?"

"Sun mutu."

"Ya ce ko an adana su? Da sitiyarin, da fitilun, da kafiretar. Ya ce in suna nan ana iya mayarwa."

"A mayar? Ki tambaye shi, in an yi masa sabon haƙori yakan adana ruɓaɓɓen ya mayar ran salla?"

Ba ta fassara wannan ba. Ta ce, "Baba, suna ina?"

Na ce 'yan gwangwan sun kwashe, ta yiwu yanzu sun zama tukwane a Panteka. Don in nuna masa ba wasa na yi ba, na miƙa hannu na danna hon. Kiɗan nan ya tashi, filin ya yi tsit, wata mata ta ɗauke ɗan karenta. Mai farar riga ya cire tabarau ya goge. Ya yi doguwar magana da murya ƙasa-ƙasa, ya ɗan rusuna wa Hannatu, ya wuce.

"Me ya ce?"

"Ya ce lambar jikinta ta nuna tana cikin na farko-farko da aka kai Afirka, kuma da ta zo yadda take, da ita za a sa a gaba. Amma jerin na motocin da ke da kayansu na asali ne. Ya ce muna iya ajiye ta a wurin 'yan kallo."

Nan fa na tashi. Na ce asali? Ni zai gaya wa asali? Motar nan ta yi shekara arba'in tana hawa Kagoro da buhunan citta a bayanta. Ta kai mata asibiti haihuwa, ta kai gawa, ta bi hanyar da in tasu ta bi sai an kwaso ta a buhu. Da muna jiran kayan asali da ta mutu tun Hannatu na goye. Waya muka ɗaura, gwangwanin madara muka yanka muka yi mata washa, robar silifa muka sa a inda roba ta cinye, shi ya sa take numfashi har yau. Su nasu suna kwance a ɗaki an lulluɓe su da bargo, a fito da su sau ɗaya a shekara kamar kayan lefe, sannan a ce su ne motoci? Duk da Hausa na yi, da ƙarfi, ina nuna shi da sifana. Dogo ya tsaya a tsakaninmu yana ta cewa "Baba, Baba," ita kaɗai ce Hausarsa.

Hannatu ta bar ni na zazzage fushina. Da na gama ta ce, "Wayar da gwangwanin madarar ma, Baba, ɗazu ya ce duk irin waɗannan gyare-gyaren na gida da ka bar su. Ya ce su ne labarinta."

Wannan ta ƙara ƙona mini rai, don su na fara cirewa, saboda kunya.

Washegari muka tsaya a bayan igiya tare da masu shan askirim. Motoci suka jeru, masu su sun sha hulunan da. Ruɓaɓɓiyar nan ce ta uku, an liƙa mata fure. Ana cewa a tashi sai ta yi tari biyu ta mutu. Daga inda nake na ji ciwonta, mai ne ba ya isa. Na tsallake igiya na je na yi wa mai ita alama ya ba ni minti biyu, in zare tiyo in zuƙa da baki in tofar, in ɗan ƙwanƙwasa kafireta da sifana, shi ke nan. Mutumin ya ga sifana ya rungume bonet kamar na zo ɗaukar 'yarsa. Wai sai an aiko da wani ƙarfe daga wani gari, mako uku. Ƙarshe mutum huɗu suka sa farin safar hannu suka tura ta, jama'a na tafi. An tafa wa motar da ba ta tashi ba, tamu da ke tashi da bugu ɗaya tana wajen igiya kusa da kwandon shara. In wannan ba zalunci ba ne ku gaya mini sunansa.

Da jerin ya wuce aka buɗe hanya, Hannatu ta ce wa Dogo ya jira mu. Ta miƙo mini makulli ta ce in bi da ita hanyar da suka bi, ko da mu kaɗai ne, don dai a ce motar ta zaga garin. Na tayar, muka bi ta gaban zauren ruwa, ta gaban tsofaffin gidajen, ana ta kwashe kujeru da igiyoyi. Inji na tafiya sumul, ko ƙara babu. Ina ta yi mata bayani, ji yadda giya ke shiga, ji birki, ko a hannun babanki ba ta taɓa daɗi haka ba. Ina cewa gobe ma in aka ba ni wata haka zan yi mata.

Ita dai tana zaune a gefe. Na lura hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Ta shafa gaban motar, ta shafa murfin ƙofa, ta taɓa kan giya, ta ɗaga ta taɓa rufi, ta mayar cinyarta. Muka kai ƙarshen gari inda hanya ta fara hawa dutse, na tsaya zan juya.

Abin da ta faɗa a wurin ba da faɗa ta faɗe shi ba, ko kallona ba ta yi ba. Na yi kamar ina neman ribas. Muka koma, na yi sauran kwanakina, ta raka ni filin jirgi ta durƙusa ta yi mini sallama, har da ledar maganin gwiwa. Yau wata biyu ke nan, tana kira duk Lahadi in ta taso daga coci, muna gaisawa, kuma ban ba ta amsa ba.

Cewa ta yi, "Baba Iro, tun ranar da ta iso nake neman inda zan sa hannu in ce nan Babanmu ya taɓa. Ko akwai wurin da ka manta ba ka gyara ba?"